Darasin Kiwon Lafiya: Jinyar Gindin Cinya Bayan Aikin Gyaran Bugun Zuciya

Jama'a, darasinmu na wannan wata ya shafi wani aikin asibiti ne wanda a da sai dai a ji labarinsa daga ƙasashen Turai. Yanzu kuwa ba abin mamaki ba ne a ce mutumin Rimaye, ko Kusada, ko wani ƙauye na ƙasar Kankia, an tura shi daga Katsina ko Kano zuwa inda ake yin aikin, an yi masa, ya dawo gida. Asibitocin da ke yin sa a Nijeriya ƙalilan ne, galibinsu a Legas da Abuja, wasu kuma sai sun tsallaka Masar ko Indiya. To, likitan da ya yi aikin yana can nesa. Jinya kuwa a nan gida za a yi ta, a hannun uwargida da 'ya'ya da 'yan dubiya. Abin da ya fi ɗaure wa masu jinya kai shi ne, zuciya aka je gyarawa, amma ga mutum ya dawo yana ɗingishi, cinyarsa ta yi baƙi ƙirin. Wannan shi ne za mu warware.

Yadda aikin yake

Zuciya tana da ɗakuna 4, biyu a sama, biyu a ƙasa. Abin da ke sa ta bugawa wata 'yar wutar lantarki ce da ke tashi daga ɗakin sama na dama, ta bi hanyoyinta ta zagaye zuciyar. Baligi mai lafiya idan yana hutawa, zuciyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Wani lokaci sai wutar nan ta saki hanya, ko ta riƙa tashi daga inda bai kamata ba. Sai mutum ya ji zuciyarsa na gudu kamar ya yi tsere, ko tana bugawa barkatai, ga jiri, ga haki. Hawan jini da ya daɗe, da ciwon zuciyar da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, suna cikin abubuwan da kan jawo haka a ƙasarmu, ko da yake wasu da matsalar aka haife su.

Idan ƙwayoyi suka kāsa, likita kan ba da shawarar aikin da suke kira abileshan. Mu a nan za mu kira shi lalas ɗin zuciya, domin ya yi kama da lalas: ana nemo daidai wurin da wutar ke ɓata hanya, a ƙona shi kaɗan, ya zama tabo, wuta kuwa ba ta ratsa tabo. Wasu da zafi suke yi, wasu da sanyi mai daskararwa, akwai kuma sabuwar hanya ta amfani da bugun lantarki. Ba a tsaga ƙirji. Wasu siraran robobi ne, kaurinsu bai fi na tsinken tsintsiya mai kauri ko bututun biro ba, ake zurawa ta jijiyar jini har su isa cikin zuciya, likita yana kallonsu a allo.

Dabarar ta daɗe. A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura wa kansa roba ta jijiyar hannu har zuciyarsa, ya ɗauki hoto don ya nuna abin zai yiwu. A lokacin an ɗauke shi mai ganganci, amma a 1956 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da wasu likitoci biyu. A 1953 Sven Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da hanyar huda jijiya da allura, a zura waya, a bi wayar da roba, wadda har yau ita ake bi. Lalas ɗin zuciya na farko ga ɗan Adam ta wannan hanya Melvin Scheinman ne ya yi shi a San Faransisko ta Amurka a 1981. Sai a 1998 likitocin birnin Bodo na Faransa, ƙarƙashin Michel Haïssaguerre, suka gano cewa bugun nan na barkatai yawanci daga bakin jijiyoyin huhu yake tashi.

To, me ya kawo cinya?

Ƙofar shiga ita ce gindin cinya, wato inda cinya ta haɗu da mara, wurin da kaluluwa kan fito. A nan akwai babbar jijiyar da ke mayar da jinin ƙafa zuwa zuciya, tana kusa da fata, hanyarta kuma miƙaƙƙiya ce. Sau da yawa ba huda ɗaya ake yi ba, akan yi 2 ko 3, wani lokaci a cinyoyin duka biyu. Dab da wannan jijiya akwai wata mai bugawa, wadda ke kawo jini daga zuciya da ƙarfi, gefenta kuma ga jijiyar ji da motsi ta ƙafa. Su ukun jere suke kamar kunyoyin gona. Ku riƙe wannan, don shi zai bayyana mana kusan duk abin da zai biyo baya.

Lokacin aikin akan yi wa mutum allurar tsinka jini don kada jini ya daskare a jikin robobin. Da an gama an zare su, sai a danne wurin da hannu, ko a yi masa ɗinki ɗaya, mutum ya kwanta flat a bayansa na sa'o'i, yawanci 2 zuwa 6, ba ya lanƙwasa ƙafa. Duk da haka jini kaɗan kan tsiyaya ya kwanta ƙarƙashin fata. Dannawar ma da kanta takan bar tsami. Ga asalin ciwon da baƙin da ake gani.

Abin da ba na tsoro ba ne

Kwanciyar jini takan fara ƙarama, sai bayan kwana 2 ko 3 ta bazu. Tana iya gangarowa cikin cinya har kusa da gwiwa, ko ta shiga al'aura. Jinin da ya riga ya kwanta ne yake bin gangare, kamar yadda ruwa kan yi. A jikin mai hasken fata za a ga launin yana sauyawa, daga ja zuwa shuɗi-shuɗi, zuwa kore-kore, zuwa ruwan ɗorawa. A jikin baƙin mutum kuwa sai dai a ga wurin ya fi sauran fata duhu, don haka a duba shi da rana a tsakar gida, ko a haska tocila sosai, kada a dogara da hasken aci-bal-bal. Cikin mako 2 zuwa 3 yawanci yakan washe, mai shan maganin tsinka jini nasa kan ɗan jima.

Haka nan akan ji ɗan ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin hudar, kamar ƙwayar gujiya ko ɗan goro ƙarami. Muddin ba ya girma, ba ya bugawa, a rabu da shi, zai narke cikin makonni. Wasu kan ji gaban cinya ya yi dindiris ko yana zuga kamar tafiyar kiyashi. Jijiyar jin nan ce ta maƙwabta aka taɓa, ita ma takan lafa a hankali. Ko zuciyar ma takan yi ɗan tsalle-tsalle a wata 2 zuwa 3 na farko, kafin tabon ya kama sosai, wannan kuwa bai nuna aikin ya lalace ba, sai dai a gaya wa likita ranar komawa.

Ga wata dabara mai araha. Ranar da aka iso gida, a sami biro a zagaye bakin kumburin, a rubuta kwanan wata a takarda. Kowace safiya a duba. Idan launi ne kawai ya ƙetare layin, wurin kuma da laushi, ba komai. Idan tudun ne ya ƙetare, ya yi tauri, ciwo na ƙaruwa, to magana ta canza, za mu zo kanta.

Makon farko a gida

A nan ne takardun da asibitocin birni ke bayarwa suke gaza mana, domin an rubuta su ne don mai famfo a ɗaki da masai na zama. Sukan ce kada a ɗauki abin da ya fi kilo 5 har kwana 7. Kilo 5 fa kimanin tiya biyu ce ta gero. Bokiti mai lita 10 idan ya cika ruwa kilo 10 ne. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, buhun taki kuwa 50. Ke nan ba jan guga, ba ɗaukar jarka, ba daka, ba surfe, ba goyo, ba ɗaukar dami, ba riƙe akuya ko sa mai fizga. Buta ta halatta. Idan aikin ya faɗo a damina, a nemi 'yan ƙwadago ko a roƙi gayya. Sunkuyon noma da fartanya yana matse daidai inda aka huda, hudar kuwa ɓawon jini ne kawai ya toshe ta. Asarar kwana 7 na noma ta fi sauƙi a kan komawa gadon asibiti.

Tsuguno shi ne babbar matsala. Masai na gargajiya yana tilasta a naɗe cinya gaba ɗaya, ga yunƙuri. Mafita ita ce a sami tsohuwar kujera a huda tsakiyarta a ɗora kan ramin, ko a yi amfani da fo a ƙarƙashinta. Kada a bari ciki ya ɗaure: a sha ruwa sosai, sai in likita ya ƙayyade shi, a ci gwanda, lemo, miyar kuɓewa da ta kuka. In tari ko atishawa ya zo, a dafe wurin da tafin hannu. Zama a tabarma da tashi daga ƙasa su ma wahala ne, gara gado ko kujera mai ɗan tsawo. Salla kuwa a yi ta a zaune a kan kujera cikin kwanakin nan, malamai sun yi bayanin rangwamen da marar lafiya yake da shi.

Wannan ba ya nufin a kwanta ranƙwal. Kwanciya dare da rana tana sa jini ya daskare a ƙafa. Tun daga washegari a riƙa tattaki a hankali cikin gida, daga ɗaki zuwa zaure, sau da yawa a yini, ana ƙarawa kullum. Babur da keke a haƙura da su mako guda, ko tuƙawa ko goyo, domin buɗe ƙafa da girgizar hanyar ƙauye. Tuƙin mota aƙalla a bar shi kwana 2, direban haya ko na babbar mota kuwa sai likita ya ba shi izini. Kasuwar Charanchi ba za ta gudu ba. Kwanciyar iyali ma a jinkirta ta kamar mako ɗaya.

Wanka ya halatta bayan kwana ɗaya, a tsaye ko a kan kujera, da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu. Ba a dirza wurin da soso. A tsane shi da tsumma mai tsabta, kada a shafa mai ko hoda a bakin hudar. Shiga rafi ko kududdufi ko zama cikin baho sai hudar ta rufe. A sa wando mai walawa, a sassauta mazagi, mata kuma su ɗaura zane sama da wurin. Don rage zugi a kwana biyun farko, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 10 zuwa 15. Inda babu ƙanƙara, tsumman da aka jiƙa da ruwan randa ya wadatar, amma a gefen filasta, kada ya jiƙe.

Ruwan zafi, man zafi da wanzami

Mu Hausawa mun yarda da gashi. Targaɗe a gasa, kumburi a gasa, mai jego ma a gasa ta. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, irin su Eldryd Parry, suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar masu jego, suka danganta yawansa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. A wannan jinya tamu illar zafi a fili take: yana buɗe jijiyoyi, jinin da ya tsaya ya sāke tsiyaya. Saboda haka ba gashi, ba man zafi, ba tausa ko murza ƙullutun a kwanakin farko. Idan an kwana biyu likita ya ce a ɗan ɗumama, wannan daban.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci a darasin nan. Ɗan dubiya zai zo, ya ga baƙin cinya, ya ce, "Kai, Malam, ai wannan mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho ya zuƙe shi." Wani ya ce ƙullutun ƙurji ne, a yi sakiya. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma a ba su haƙuri. Ku tuna jijiyoyin nan uku da muka ce jere suke. Aska ko ƙarfen sakiya a gindin cinya yana iya samun jijiyar nan mai bugawa, jininta kuwa feshi yake, yana iya ƙarar da mutum cikin mintoci, kafin a sami mota. Ƙari a kan haka mutumin yana shan maganin tsinka jini, ko tsaga ƙarama ba ta tsayawa da wuri. Wanzamai suna da aikinsu da muka san su da shi, wannan dai ba ya ciki. Jiki da kansa yake shanye jinin da ya kwanta.

Magunguna

Maganin zugin da ya dace shi ne farasitamol. Baligi ya sha ƙwaya 2 masu miligiram 500, ya bar aƙalla sa'a 4 zuwa 6 kafin ya ƙara, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. A guji ibuprofen da diclofenac da piroxicam, da asfirin in ba likita ne ya rubuta ba, domin suna ƙara zubar jini, suna kuma cin ciki. A lura, garin Alabukun asfirin ne a cikinsa. Haɗin ƙwayoyin nan da masu talla ke ƙullawa a leda da sunan maganin gajiya, ba wanda ya san abin da ke ciki, yawanci kuwa irin waɗannan ne. A je kemis da takardar asibiti, a ce, "Ina shan maganin tsinka jini," kafin a karɓi komai.

Maganin tsinka jinin kansa, ko warfarin ne, ko rivaroxaban, ko apixaban, ko dabigatran, kada a daina shi don an ga cinya ta yi baƙi. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, kuma yana da haɗari. Wurin da aka yi wa lalas a cikin zuciya ɗanye ne, jini na iya daskarewa a kansa, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa bayan aikin bugun barkatai ake ci gaba da maganin aƙalla wata 2 zuwa 3, wasu har iyakar rayuwa. A sayi isasshe tun daga birni, don ba kowane kemis na ƙauye ke ajiye shi ba. Mai shan warfarin yana bukatar awon jini a kai a kai, kuma kada ya yi wa cin ganye irin su zogale da alayyafo hawa da sauka, yau kwano guda gobe babu, domin suna rage ƙarfin maganin. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe a ajiye su tukuna.

Idan jini ya ɓalle

Kowa a gidan ya koyi wannan tun kafin bukata. Idan aka ga jini ya jiƙa filasta, ko wurin ya kumbura nan take, a kwantar da mutum a bayansa, ƙafa a miƙe. A ninka tsumma mai tsabta a ɗora, wani mai ƙarfi ya danna da yatsu ko tafin hannu, da nauyin jikinsa, minti 15 cur a agogo, ba a ɗagawa don a leƙa. Kada a ɗaure cinya da igiya ko roba, kada a zuba toka ko garin magani. Idan ya tsaya, ya ci gaba da kwanciya, a buga wa asibiti waya. Idan bai tsaya ba, a ɗauke shi a kwance cikin mota, mai dannawa bai saki ba har a isa. Ba a ɗora irin wannan a babur. Don haka tun ranar dawowa a yi magana da mai mota a unguwa, a karɓi lambarsa, ya san ana iya tashinsa da dare.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Ƙullutun da ke girma ko yake bugawa a ƙarƙashin yatsa kamar zuciya, alama ce jijiya mai bugawa ta yi yoyo. Hoton sikanin ne ke tabbatarwa, kuma ana gyara shi cikin sauƙi in an je da wuri. Ƙafa ta yi sanyi, ko ta mutu, ko tafinta ya koɗe. Ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa na ciwo. Ciwon baya ko kwiɓi mai tsanani tare da jiri da gumi mai sanyi, wanda ke nuna jini na zuba ta ciki inda ido ba ya gani. Zazzaɓi, ko hudar ta yi zafi tana fitar da mugunya. Ciwon ƙirji mai ƙaruwa, numfashi sama-sama, ko suma. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya saki.

Zazzaɓin nan yana bukatar ƙarin bayani, domin mun saba duk zafin jiki mu ce maleriya ce, mu sayi ƙwaya. Maƙoshin abinci yana bayan zuciya ne, manne da ɗakin sama na hagu. A wasu mutane ƙalilan ƙwarai, zafin lalas kan raunata shi, alamar kuma ba ta fitowa sai bayan mako 1 zuwa 4, wani lokaci har wata 2. Duk wanda aka yi wa aikin bugun barkatai, ya sami zazzaɓi tare da zafin haɗiya ko ciwon ƙirji a wannan tsakani, ya nufi babban asibiti, ya gaya musu aikin da aka yi masa tun daga bakin ƙofa, kada kuma a zura masa na'urar leƙa ciki ta baki sai an tuntuɓi likitan zuciya.

Ina za a nufa? Don tsayar da jini da taimakon farko, Babban Asibitin Kankia ya fi kusa. Kankia kuwa a kan titin Katsina zuwa Kano take, don haka daga nan ana iya miƙawa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake samun likitocin zuciya. Ma'aikacin ƙaramin asibiti mai yiwuwa bai taɓa karɓar mai irin wannan aiki ba, takardar sallama ce za ta yi masa jagora. A yi mata kwafi biyu, ɗaya a leda a aljihun marar lafiya, ɗaya wurin mai jinya, a rubuta sunayen magunguna da lambar wayar likita a bayanta da manyan baƙaƙe.

Wanda kuma bai riga ya tafi ba, ya shirya dawowarsa tun yanzu. Kada a kamo hanya ranar da aka sallame shi, a kwana ɗaya ko biyu kusa da asibitin. A mota a ba shi wurin da zai miƙe ƙafa, ko da za a biya kuɗin kujera biyu, kada a cusa shi a tsakiyar mutum huɗu da kaya a cinya. A roƙi direba ya riƙa tsayawa bayan sa'a ɗaya ko biyu, ya sauko ya ɗan taka, ya duba filasta, sannan a ci gaba.